Takarda Ta Uku

Abin da na fara lura da shi a gidan da kamfanin ya sauke mu shi ne gado na huɗu. Ɗakin na mutum huɗu ne, mu kuwa mu uku ne. An yaye zanen gadon an bar katifa tsirara, amma a ƙarƙashi akwai silifa guda, ta ƙafar hagu, ruwan hoda. Na tambayi 'yar ɗakinmu, wata Bahabashiya mai suna Marta, ina mai gadon take. Ta ɗaga mini yatsu uku, sannan ta miƙa tafin hannu sama kamar jirgi ya tashi. Sai da na kwana biyu na gane. Wata shida ake gwada sabuwar ma'aikaciya. In ta karɓi takardar gargaɗi uku kafin su cika, a jirgi za a sa ta a maida ta inda ta fito.

Ni Luba ce, ɗiyar Malam Isa mai ɗinki na Dakko, Allah ya jiƙan shi. Tun da dajinmu ya lalace, gona ta gagara zuwa, munka tattara munka koma Talata Mafara, bayan kara inda ake cinikin dabbobi, ni da Inna da ɗiyata Nana. Mijina ya rasu Nana tana goye. Duk wanda ya san ni ya san ba ni son tafiya. Ko biki anka yi a Maradun, kwana ɗaya nake yi in ce kaina na ciwo, in dawo tabarmata. Karatu kuwa, na fita sakandare da sunan na fita. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Turanci na tsince shi a bakin ɗaliban da ke sayen wainata, Fulatanci wajen masu nono, Larabci kaɗan a Islamiyya. Mutum ya buɗe baki sau ɗaya, zan gaya muku ɗan Bakura ne ko ɗan Faru.

Wannan kunnen ne ya fitar da ni gida, shi da ciwon sugan Inna, wanda ba a fashin maganinsa ko na rana ɗaya. Wani dillali, Alhaji Sale, ya ce akwai kamfanin jiragen sama masu araha da ke jigilar 'yan Umra, suna neman mata masu jin Hausa. Ya ce, "Duk mako jirgin na sauka Sakkwato. Ki hau mota ki zo ki ga Innarki, mi ya fi wanga?" Maganar sauka Sakkwato bai yi ƙarya ba. Sauran ne bai faɗa ba.

Zango na farko wurin horo ne, a wani birni na bakin teku. Gini ne babu taga ko ɗaya, sanyin na'ura kamar an sa mutum cikin randa. Anka ba kowa littafi mai kaurin bulo. Na buɗe, na rufe, na je bayi na yi kukana. Marta ce ta cece ni. In mun dawo da la'asar sai ta zauna ƙasa ta buɗe littafin tana karantawa da ƙarfi, ni kuma ina kan kujera ina yi mata kitso. Abin da ya shiga kunnena ya zauna. Kafin horo ya ƙare na yi mata shuku, na yi mata zane, na yi mata kitson Fulani har sau biyu, ni kuma na haddace yadda ake buɗe ƙofar gaggawa da yadda ake kashe wuta a bayin jirgi. Ranar da anka jefa mu cikin ruwa da rigar ceto, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba duk da madatsar Bakolori na gefenmu, salati kawai nake ja, Marta na riƙe da wuyan rigata.

Shugabarmu a cikin jirgi Madam Salwa ce. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Agogonta a cikin hannu take ɗaura shi, fuskar na kallon jijiya, ta yadda in ta juya hannu ba ki san ko lokaci take dubawa ba ko ke. Ita ta koya mana yadda kamfanin ke tafiya. Tikiti da araha, amma ruwa sayarwa ne, shayi sayarwa ne, jaka sayarwa ce. Kujera ma haka. Wanda bai biya ya zaɓi wurin zamansa ba, na'ura ce ke jefa shi inda ta ga dama. Ma'aikaciyar da ta sauya wa fasinja kujera ta ɓata wa kamfani ciniki, kuma laifi ne mai takarda. Madam ta ce a kowane tashi ana iya sa mutumin kamfani cikin fasinjoji, da rigar gida, yana kallo yana rubutawa. Tun daga ranar, duk wanda ya kalle ni ya duƙar da kai kan wayarsa sai in ce shi ne.

"A bakin ƙofa kalma biyu, Luba," in ji ta. "Barka da zuwa. Ki nuna hanya. Shi ke nan."

Na ce mata barka da zuwa ma kalma uku ce a Hausa. Ba ta yi dariya ba.

Takarda ta farko a mako na biyu na same ta. Wani dattijo ne ya hawo matakala yana haki, ya ce, "Sannunku da aiki," ni kuwa na ji Bakura tsantsa a bakinsa. Ban san lokacin da na rusuna ba. Ina kwana Baba, ina gajiya, ina mutanen gida, ya ruwa, ya anka ji da jama'a, ya haƙuri da zaman dajin nan. Shi ma ya aje jaka ya shiga amsawa yana mayar mini. Layi ya tsaya har ƙasan matakala. Da na ɗago, Madam Salwa ta juya hannu. Da munka sauka ta miƙo mini farar takarda, ta nuna inda zan sa hannu, ta ce, "Ɗaya."

Ta biyu ita ta fi yi mini ciwo. Ashe in jirgin ya sauka Sakkwato, ba ya daɗewa. A sauke mutane, mu tsince shara, mu gyara ɗamarar kujeru, a ɗauki wasu, a juya. Ma'aikaciya ba ta taka ƙasa. Wata uku ina zuwa garin da ke tafiyar awa biyu da ɗakin Inna, ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon bishiyoyin dogon yaro can nesa. Ran nan munka sauka an gama ruwan farko na damina. Da anka buɗe ƙofa ƙamshin ƙasa ya shigo, irin wanda in ya tashi a Dakko kowa ke neman fartanyarsa. Na sauka matakala ban shirya ba. Na cire takalmi guda na ɗora tafin ƙafata kan kwalta mai ɗumi da jiƙa. Ban yi minti ɗaya ba. Da na hawo Madam Salwa na tsaye a wurina na bakin ƙofa.

"Biyu," ta ce. Sai ta ƙara, a hankali, "Ina da uwa ni ma. Kada ki sa ni rubuta ta uku."

A makon ne munka dawo gida munka tarar an yaye gado na uku. 'Yar Kenya ce, Gires, wadda ke raba mana shinkafarta. Ba ta ko samu yi mana sallama ba. Ɗakin ya rage ni da Marta da katifu biyu tsirara, silifar nan kuma na nan inda take, babu wanda ya iya ɗauke ta. Na kira Inna, ta ce maganin da na aiko an saya yana karɓarta, ƙafafun sun daina zogi. Nana ta karɓi wayar ta ce in zo mata da jirgi ƙarami. Na aje wayar na yi wa kaina alkawari: bakina a rufe, ƙafata a ciki. Na koma kamar sauran. Barka da zuwa, hanya ga ta. Tsofaffi na gaishe ni ina ba su haƙora kawai, suna wucewa suna waiwaye, na san abin da suke cewa a ransu game da tarbiyyar gidanmu.

Saura mako uku gwajina ya cika, ranar wata Laraba da hantsi, munka ɗauki 'yan Umra a Sakkwato. Cikinsu akwai wata tsohuwa siririya da farin mayafi, da wani magidanci dogo da ke bin ta a baya, ya bar taku uku tsakaninsu, yana riƙe da jakarta. Ta ce mini, "Sannu ɗiyata," na ji Faru, na ji Fulatanci a ƙarƙashin Hausar. Na haɗiye gaisuwata na nuna musu layi na sha bakwai. Na'ura ta ba ta kujerar taga, shi ta tsakiya. Na ga ya tsaya yana duban takardarsa yana duban kujerar, kamar wanda anka ce ya taka wuta. Mutane na turo shi ta baya. Ya zauna.

Jirgin bai tashi ba. An ce akwai abin da ake dubawa a ƙasa. Awa biyu muna zaune ƙofa a rufe, sannan munka tashi, ga tafiyar awa biyar a gaba. Da munka daidaita a sama na fito da 'yar kurar da muke tura abinci. Ina zuwa layi na sha bakwai na ga zaman nasu. Ita ta juya gaba ɗaya ta fuskanci taga, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Shi ya karkata wajen hanya har kafaɗarsa na gogar baƙon da ke gefensa, ya haɗe gwiwoyi, hannunsa bai taɓa madogarar da ke tsakaninsu ba. A cinyarta akwai ƙulli a ɗan ƙyalle, na ga tudun dabino da ƙuli-ƙuli. Ba ta kwance ba. Na ce ko shayi, ko ruwa. Shi ya girgiza kai. Ita ta ce, "Na ƙoshi."

Na wuce. Na sayar da shayi har bayan jirgi na dawo. Ƙullin na nan a ɗaure.

Wajen awa uku da tashi munka shiga gajimare mai duhu. Jirgin ya fara rawa, fitilar ɗaure ɗamara ta kama, matuƙi ya ce kowa ya zauna, har mu. Ina maida kura ne na bi ta gefensu na ji numfashinta. Na san wannan numfashin. Na duba, zufa ta jiƙa mayafin a goshi alhali jirgin sanyi ƙalau, yatsunta na kaɗawa a kan ƙullin. Haka Inna ke yi in ta sha magani abinci ya yi jinkiri. Daga nan sai surutai, daga surutai sai shiru.

Na je na gaya wa Madam Salwa. Gaskiya ba ta yi sanya ba. Ta ɗauko lemon kwali mai zaƙi, ta ce wannan kyauta ne, rashin lafiya ce. Ta je da kanta, tana dafa kujeru, ta huda ta miƙa. Tsohuwa ta ƙara juyar da kai taga.

"Tambaye ta ko tana lafiya," in ji Madam.

Na tambaya.

"Lahiya lau," in ji tsohuwa, muryar kamar daga cikin rijiya.

Madam ta sake miƙawa, tsohuwa ta sake ƙi. Madam ta dube ni ta ce, "Mun ba ta, ta ƙi, ta ce lafiyarta lau. Zan rubuta haka, zan sanar da matuƙi. Je ki zauna ki ɗaure."

Na duƙa wajen magidancin na ce, "Malam, mi take gare ka?"

Bai dubi wajenta ba. Ya sauke murya har sai da na kara kunne. "Su Goggo na. Uwar mai ɗakina. Mai ɗakin ta yi nauyi, shi ya sa ni na rako su."

To, ai magana ta ƙare. Surukai ne na'ura ta haɗa kafaɗa da kafaɗa. Matar nan ko za ta mutu a kujerar ba za ta buɗe baki ta sa loma a gaban mijin ɗiyarta ba, balle ta tsotsi lemo kamar jinjira yana jin ƙarar maƙogwaronta.

"Suna da suga?"

"Suna da shi. Na hangi sun sha magani can hilin jirgi, kahin a kira mu." Idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi ƙanwata, tun da munka shigo nike son in tashi. Mai tikiti ya ce muna wanda ya bar lambatai sauke shi za a yi. Ni a sauke ni ba komi, to su wa zai kai su?"

Na koma wajen Madam na ce a sauya masa kujera, minti ɗaya, za ta sha. Na yi ƙoƙarin bayani da Turancina da Larabcina, na ce mijin ɗiyarta ne, kunya ce. Ta ce, "Ɗanta ne kenan. Wa ke jin kunyar shan lemo gaban ɗansa?" Jirgin ya yi wata faɗawa, wata mata ta saki salati a baya. Madam ta nuna fitilar. "Ba a tada fasinja fitila na kunne. Ba a sauya kujera. Laifi biyu ne, Luba, ke kuwa ɗaya ya rage miki. In fitila ta mutu mu sake gwadawa."

"Yaushe za ta mutu?"

Ta juya hannu ta dubi agogo. "Matuƙi ya ce kamar rabin awa."

Na zauna a kujerata ta bango na ɗaure. Daga inda nake ina hango farin mayafin. A layi na sha biyar wani mutum mai tabarau ya ɗago ya kalle ni, ya duƙa kan wayarsa. Na tuna kwalaben maganin Inna a jere kan taga. Na tuna katifu biyu. Ina cikin haka na ga kan tsohuwar ya tafi a hankali ya jingina da gilashi, ƙullin ya zame daga cinyarta, dabino ya watse ƙarƙashin kujeru. Surukin bai iya ko miƙa hannu ya taɓa ta ba. Ya dai ɗago ya nemo ni da ido.

Na kwance ɗamarata.

Layi biyar a bayansu akwai wata Hajiya 'yar Gusau mai jiki, wadda ta yi mini tsiya ɗazu kan tsadar shayi. Na dafa kujerarta na ce, "Hajiya, surukai anka haɗa a gaba. Tsohuwar na da suga, tun safe ba ta ci ba."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɓalle ɗamara tana cewa, "Kai, waɗanga mutane ba su da ta ido. Kama ni in tashi." Na tada baƙon da ke bakin hanya, na ja Malam ya fito, na tura shi baya, na ce ya zauna kada ya waiwayo. Hajiya ta cika kujerar tsakiya, ta ware mayafinta ta yi wa tsohuwa labule da shi. Na ɗauko lemon na durƙusa a hanya, jirgin na jefa ni hagu da dama.

"Goggo, ya tahi. Mata ɗai ne nan."

Ta buɗe ido da ƙyar. Ba ta dubi lemon ba, ni ta duba. Na gane ba za ta karɓi abu a hannun wadda ta ƙi amsa mata gaisuwa a bakin ƙofa ba. Sai na fara daga farko. Ina wuni Goggo, ina gajiya, ya mutanen Faru, ya dabbobi, ya damina. Tana amsawa da leɓe, Hajiya na tallabe da kanta. Goggo ta ce, "Ke ɗiyar wa ta?" Na ce ɗiyar Malam Isa mai ɗinki na Dakko, muna zaune Mafara bayan kara, gida mai darbejiya a ƙofa. Ta ce, "Allah sarki, Dakko." Sannan ta buɗe baki.

Ta shanye kwalin. Hajiya ta tsinto dabino tana ɓarewa tana ba ta. Kafin fitilar ta mutu zufar ta tsaya, har ta fara tambayar ko an wuce teku. Da na miƙe, gwiwata ta fashe ta ɓata siket, Madam Salwa na zaune a kujerarta ta bango, a ɗaure, tana kallona. Ba ta juya hannu ba.

Takardar kwana biyu ta yi kafin ta zo. Madam ce ta kawo mini har ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta rubuta cewa fasinjar ta farfaɗo saboda ni, amma wani rahoton ya riga nata isa ofis, kuma doka doka ce. Ta tsaya tana duban katifun. Ta ce, "Da gaske za ta mutu don kada ya gan ta tana sha?" Na ce da gaske. Ta girgiza kai, ta nuna mini inda zan sa hannu. Ba ta faɗi lambar ba. Marta ta warware kitsonta ta ce in yi mata na ƙarshe, mai daɗewa. Da zan fita na yaye zanen gadona da hannuna, ban bari wani ya yaye ba.

Na koma kan kaskon wainata. Maganin Inna ya koma ƙaramin da muke iyawa, zogin ƙafa ya dawo, ba ta taɓa ce mini komai ba. Nana ta yi kwana uku tana fushi ban zo da jirgi ba.

Bayan kaka, wata Talata da rana ana cin kasuwa, babura biyu sunka tsaya gindin darbejiya. A na gaba wani ɗan acaba ne ya ɗauko tsohuwa mai farin mayafi. A na baya dogon magidancin nan ne, Malam Jaɓɓi ashe sunansa, da 'yar tunkiya ɗaure a bayansa da ƙwaryar man shanu. Sun tambayi gidan ɗiyar Malam Isa tun daga kara. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ita da Inna sunka shiga gaisuwa, sunka kai ƙarshe sunka sake ɗaukowa daga farko, ba mai duban agogo. Shi yana rakuɓe can bakin ƙofa, fuska a bango.

Na dama fura na kawo. Ina aje ƙwaryar gaban Goggo ya miƙe, ya ce bari ya duba babur, kamar ya ji yana ɗigar mai. Goggo ta bi takunsa da kunne har ya fita. Sannan ta ɗauki ludayi.

Na zuba wata ƙwaryar na bi shi da ita zaure, don na san shi ma tun safe bai ci komai ba.